Famfon Ɗura Kunun Siminti: Farashin Saye Ba Shi Ne Tsadarsa Ba

Cikin kayan aikin da 'yan kwangila ke jerawa a takardar neman aiki, da wuya a ga wanda ake yi wa riƙon sakainar kashi kamar famfon ɗura kunun siminti, wato kwaɓin nan mai ruwa-ruwa da ake turawa da ƙarfi cikin tsagar dutse a ƙarƙashin madatsar ruwa, ko cikin bututun wayoyin ƙarfen da ke ɗaure gada, ko kuma ƙarƙashin ƙafar manyan injunan masana'antu. Madatsu irin su Kainji, wadda aka kammala a 1968, da Shiroro ta 1990, da gadoji irin su gada ta biyu ta kan Kogin Kwara da aka buɗe a 2023, ƙarkonsu ya dogara ga irin wannan aiki da ido ba ya gani. In kunun bai cike gurbi ba, ruwa zai sami hanya, tsatsa kuma ta biyo baya.

Ra'ayinmu shi ne, ɗan kwangilar da ya zaɓi famfo saboda araha kaɗai ya sayi asara ce da kuɗinsa. Dalili kuwa yana cikin kwaɓin kansa. Yashin da ake sa wa irin wannan kwaɓi galibi ƙwayoyin dutsen ƙanƙara ne, wanda taurinsa ya kai mataki na 7 a ma'aunin Mohs, alhali ƙarfen gama-gari bai kai nan ba. Saboda haka duk inda kwaɓin ya goga, ci yake yi kamar magagari. Famfon ruwa mai farfela, irin na noman rani, gudu ne ƙarfinsa, gudun kuma shi ke ninka wannan ci. Ba a ma sa shi cikin lissafi.

Famfo mai fistin shi ne na aikin da ke bukatar matsi mai tsanani da nisan zango, alal misali ramukan da ake haƙawa a gindin madatsa. Amma yana turawa ne da fizga, kuma bawul-bawul ɗinsa da robobin fistin su ne abincin yashi. Akwai kuma mai murɗaɗɗen ƙarfe da ke juyawa cikin rigar roba, wanda Bafaranshe René Moineau ya ƙirƙiro wajen 1930. Wannan yana zuba kwaɓi a hankali ba yankewa, abin da ya sa ya dace da bututun gada, inda iskar da ta maƙale kan zama mafarin lalacewa. Lagonsa ɗaya ne: in aka bar shi yana juyi babu kwaɓi a ciki, cikin ɗan lokaci robar za ta ƙone. A wurin aikin da lebura ɗaya ke lura da injin kwaɓi da famfo a lokaci guda, wannan ba ƙaramar magana ba ce.

Na uku shi ne mai matse mesa, wanda kwaɓin ba ya taɓa komai a cikinsa sai mesar roba mai kauri. Ba shi da bawul, yana jure juyi a bushe, kuma bakanike na iya sauya mesar a nan wurin aiki. Matsinsa dai bai kai na mai fistin ba. Ga matsakaicin ɗan kwangila mai aiki nesa da Legas ko Fatakwal, muna ganin shi ya fi cancanta a fara dubawa muddin kwaɓin na da yashi kuma zangon bai yi nisa ba.

A nan ne batun kuɗi ya shigo. Kusan duk waɗannan kayan gyara daga waje ake shigo da su. Dalar Amurka da ake canzawa kan kusan Naira 460 kafin a saki darajar Naira a watan Yunin 2023 ta haura Naira 1,500 a cikin 2024. Robar da a da ake sauyawa ba tare da an sanar da akanta ba, sai ta koma abin da ke taɓa ribar kwangila. Haka zalika, in famfo ya tsaya ana tsakiyar ɗura, musamman da zafin watan Afirilu, kwaɓin kan daskare cikin mesa da rami, a yi asarar siminti da ladan ma'aikata, wani lokaci har a sake haƙa ramin.

Kamata ya yi mai saye ya je wa dillali da bayanin kwaɓinsa: girman ƙwayar yashi, yawan ruwa, nisa da tsawon da za a tura, sa'annan ya nemi a gwada famfon da wannan kwaɓi, ba da ruwa ba. Ya fi kyau ya ɗauki babban famfo ya riƙa tafiyar da shi a sannu bisa ga ƙarami da za a ƙure wa gudu. Ya kuma tambayi farashin mesa da roba da bawul, da kwanakin da za su ɗauka kafin su iso wurin aiki, a rubuce. Ma'aikatun gwamnati masu ba da kwangila su ma ya dace su sa sharaɗin ajiye famfo na biyu da tankin ruwan wanke bututu a duk wurin da ake wannan ɗura.