Wa Ya Wanke Hera?

Manazartan da ke kwantar da jaruman Girkawa a gadon Firoid, suna laluben wani tsohon ciwo a zukatansu, sun zalunci Yuripidis. A wasansa hauka aike ne. Hera ce ta turo Lisa, aljanar hauka, ita ma sai da ta ja da umarnin kafin ta bi. Herakilis ya kashe matarsa da 'ya'yansa, ya farfaɗo ɗaure da ginshiƙi, gawawwaki kewaye da shi. To laifin wa? Shekisfiya ya mayar da hauka cikin ƙirjin Sarki Liya, adabin Yamma ya bi sahunsa yana kiran haka ci gaba, alhali sallamar alloli ya yi daga shari'ar da Yuripidis ya gurfanar da su.