Baƙon Nok, a ina zai kwana?

Duk ƙarshen shekara, iyalai masu hali daga Abuja da Kaduna kan kama hayar gida na mako ɗaya ko biyu a bakin teku, wasu a Zanzibar, wasu a Gambiya, wasu nan kusa a gaɓar Kwatano. Da yawansu sun fi son gida mai falo da kicin a kan otal, inda uwargida za ta dafa abin da yara suka saba ci. Ba laifi ba ne mutum ya huta da guminsa. Amma tun da aka saki darajar naira a watan Yunin 2023 har dala ta haura naira 1,500 a 2024, irin wannan tafiya ta gagari mutane da yawa, kuma suna neman inda za su je a cikin gida. Kudancin Kaduna na da abin nuna musu. Abin da ya rasa shi ne wurin saukar da su, kuma a ganina ɗakunan mutanen gari ne za su cike wannan giɓi, ba wani katafaren otal da ake jiran gwamnati ta gina ba.

Sunan Nok ya zaga duniya tun bayan da masu haƙar kuza suka tono mutum-mutumin yumɓu a 1928, masanin kayan tarihi Bernard Fagg kuma ya gane darajarsa a shekarun 1940. Daga 2005 masana daga jami'ar Goethe ta Frankfurt sun shafe shekaru suna tono a yankin, har aka baje kolin kayan a Jamus a 2013. Ga ruwan Matsirga dab da Kafanchan, ga duwatsun Kagoro inda ake bikin Afan duk ranar 1 ga Janairu, ga bikin Tuk Ham a Kwoi. To amma mai zuwa ƙauyen Nok a ƙaramar hukumar Jaba yakan taso daga Abuja ko Jos da safe, ya ɗauki hotuna, ya juya kafin la'asar. Kuɗin baƙo kuwa inda ya kwana suke zama. Wanda ya kwana shi ke sayen ƙosai da safe, ya hau acaɓa, ya ɗauki ɗan rakiya zuwa kan dutse, ya tafi gida da buhun citta. Mai wuni ɗaya ko ruwan sha daga birni yake taho da shi.

Gambiya ta riga mu ganin illar dogaro da manyan otal-otal. Tun da Bertil Harding, mutumin Suwidin, ya fara kai masu yawon buɗe ido a 1965, manyan otal-otal suka jeru a bakin teku, amma baƙo kan biya kuɗin jirgi da ɗaki da abinci tun yana Turai, sai kaɗan ya isa hannun ɗan ƙasa. Bai kamata mu bi wannan hanya ba, alhali Kagoro da Kwoi da Kafanchan cike suke da gidajen da 'yan asalin yankin masu aiki a birane suka gina, waɗanda ke kulle sai lokacin Kirsimeti ko jana'iza. Gidan da ke da rijiyar burtsatse, hasken sola da bayan gida mai tsafta ya isa ya karɓi iyali guda. Bayan cutar da ta cinye gonakin citta a 2023, babu wanda zai ce manomin Jaba ko Kachia ba ya bukatar wata kafar samu.

Za a ce tsaro fa? Tambaya ce mai nauyi, domin yankin ya sha kashe-kashe da satar mutane, kuma zalunci ne a ɓoye wa baƙo wannan. Sai dai baƙon da ya sauka a gidan da mai unguwa ya sani, ya fita da ɗan gari da ya san hanyar da ake bi da wadda ake ƙaurace wa, ya fi aminci a kan wanda ke tuƙi da almuru don ya koma Abuja. A fara da lokutan bukukuwa, sa'ad da garuruwa ke cike da jama'a da jami'an tsaro.

Wasu na tsoron gidajen su zama mafakar lalata, ko hayar ta yi tashin da ɗalibi da ma'aikaci a Kafanchan za su rasa ɗaki. Akwai kuma abin da ya fi damuna: an shafe shekaru ana tone kayan Nok a ɓoye ana sayar da su a ƙasashen waje, kuma ba kowane mai kyamara ne ɗan kallo ba. Duka ukun maganinsu ɗaya ne, wato rajista. Kowane gidan saukar baƙi ya kasance a rubuce a wurin ƙaramar hukuma da fadar hakimi, a ƙayyade yawansu a kowace unguwa, a ɗauki sunan baƙo da katin shaidarsa, kuma kada a kai kowa wurin tono sai da izinin hukumar gidajen tarihi ta ƙasa. Wani kaso na kuɗin rajistar kuma ya tafi ga gyaran hanyar Nok da kula da ɗakin ajiye kayan tarihin da ke ƙauyen.