Zazzaɓi Ya Ƙi Sauka, Ciki Ya Kumbura: A Kai Yaro Asibiti



Yau ba maganar taro na kawo ba, maganar 'ya'yanmu ce. Idan yaro ya yi zazzaɓi, maleriya muke fara cewa, kuma yawanci ita ce. Amma in an sha magani an kammala, sati biyu ya wuce zazzaɓi na tafiya yana dawowa, yaro na ramewa, ya ƙi abinci, ciki na ƙara girma, to a daina zaryar kemis.

Akwai ciwon daji da ke fitowa a cikin ƙananan yara. Ba shi da yawa, amma akwai shi. Wanda likitoci ke kira Wilms a ƙoda yake tsirowa, yawanci kafin yaro ya kai shekara 5. Sau da yawa uwa ce ke fara jin ƙullutu mai tauri a gefen ciki lokacin wanka, wani lokaci har da jini a fitsari. Akwai kuma Burkitt, mai kumbura muƙamuƙi ko ciki cikin 'yan makonni, ya fi yawa a inda maleriya ta yi katutu irin wajenmu.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙasashe masu arziki fiye da kashi 80 cikin 100 na yara masu daji suna warkewa, a ƙasashe da yawa irin namu kuwa ba sa kai kashi 30. Jinkirin ganowa na cikin manyan dalilai.

Don Allah kada a ce saifa ce a kai wa wanzami ya yi tsaga ko sakiya. Kada a yi ta danna wajen. A je babban asibiti a nemi hoton ciki da gwajin jini. In an tura ku asibitin koyarwa, kamar na Malam Aminu Kano ko na Shika, ku tafi da wuri. Addu'a muna yi, magani ma umarnin addini ne.

Shugabannin mata na mazaɓu, ku karanta wannan a taronku na gaba. Uwar da kuɗin mota ya hana ta zuwa, mu haɗa mata. Kansilolinmu da 'yan majalisa kuma, mu da muka bi layi muka zaɓe su, mu tambaye su me suka tanadar wa irin waɗannan yaran.

A tura wa sauran 'yan uwa. Allah Ya raya mana zuri'a cikin lafiya, amin.

Taku,
Shugabar Mata