Turke Kafin Kanti

Wata al'ada ta shigo birane, watau maigida ya kwashi iyalinsa ran hutu ko bayan Salla zuwa gidan gona, inda akan biya kuɗi a ga shanu da raƙuma da jiminu, ga kuma kantuna a bakin ƙofa. Mutanen Kano sun saba da irin wannan fita tun da aka kafa gidan dabbobi zamanin Gwamna Audu Bako, wanda ya riƙe jihar daga 1967 zuwa 1975.

Abin ba laifi ba ne. Yaron birni yana karanta Suratul Baƙara da An'ami da Nahli, alhali kuwa bai taɓa ganin an tatsi saniya ba, bai san zangarniyar dawa ba, sai tuwo a akushi. Ya kuwa tabbata a hadisi babu annabin da bai yi kiwon tumaki ba. Gani ya kori ji.

Amma fa sau da yawa kanti yakan cinye ziyarar. Yara su ƙare wajen alewa da lilo har la'asar ta wuce, waɗansu kuma suna jifan dabba a keji, iyaye suna dariya. An manta da matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare da yunwa.

To, lalle ne uba ya kai yaro turke kafin kanti, ya nuna masa abincin dabba, da wahalar makiyayi, da Wanda Ya hore ta ga ɗan Adam. Allah Ya shiryi zuriya, amin.