Da Wane Mudu Ake Auna Aikin Masani?

Ya ku 'yan'uwana ɗalibai da matasan ma'aikata, akwai wata al'ada da ta yi kaka-gida a jami'o'inmu, wadda ta cancanci mu tsaya mu dube ta da idon basira. A yau idan aka tashi yabon malami, da wuya ka ji an ce ga abin da ya gano, ko ga matsalar da ya warware wa jama'a. Abin da za ka ji shi ne ya wallafa maƙala kaza, an ambaci sunansa sau kaza a rubuce-rubucen wasu. Da wannan ƙidaya ake ƙarin girma, da ita ake raba kuɗin bincike. Ra'ayina shi ne wannan mudu ya yi ƙanƙanta, kuma fannin da ya fi nuna ƙanƙantarsa a fili shi ne binciken sankarar jini a ƙasar nan.

Bari mu fara da fahimtar mudun kansa. A shekarar 2005 wani masanin kimiyyar fiziya na Amurka mai suna Jorge Hirsch ya fito da wani lissafi mai sauƙi: idan malami yana da maƙaloli 20 waɗanda kowacce an ambace ta aƙalla sau 20, to, lambarsa 20 ce. Lissafin ya karɓu a duniya domin yana da saurin fahimta, kuma kowa na iya duba shi a kwamfuta. Ba na musun amfaninsa. A inda son kai da sanayya suka yi yawa, lamba takan kare wanda ba shi da ubangida, domin ita ba ta san ɗan wane ba. To, amma lamba tana faɗin yawan waɗanda suka ambaci aiki ne kurum. Ba ta faɗin ko aikin ya amsa tambayar da ke damun mutanen da aka yi shi a cikinsu.

Sankarar jini cuta ce da ke farawa daga ɓargo, inda jiki ke ƙera jini. Fararen ƙwayoyin jini su riƙa yaɗuwa ba kan gado, har su danne jajayen ƙwayoyi da waɗanda ke sa jini ya daskare. Mai ita yakan yi fari fat, ga kasala, ga zazzaɓi da ba ya jin magani, ga haɓo ko zubar jini daga dasashi, wani lokaci da kumburin saifa ko kaluluwa. Duk wanda ya san ƙasarmu ya san waɗannan alamu sun yi kama da na zazzaɓin cizon sauro da na sikila da na tarin fuka. Wannan kamanni na daga cikin dalilan da suka sa likitocin zamanin Turawa suka daɗe suna zaton cutar ba ta cika kama baƙar fata ba, alhali kuwa rashin kayan gwaji da rashin masu dubawa ne suka ɓoye ta.

Cikin waɗanda suka yi aikin kawar da wannan zato akwai Farfesa Alan Fleming, masanin cututtukan jini ɗan ƙasar Birtaniya, wanda ya yi aiki a Ibadan, sa'an nan ya zo Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, inda ya yi shekaru a cikin 1970 da wani abu zuwa 1980 da wani abu, kafin ya koma Ndola ta ƙasar Zambiya. A 1979 ya wallafa wani nazari a mujallar Leukemia Research game da yadda ire-iren sankarar jini suka bazu a Afirka. Abin da ya fito daga wannan aiki da waɗanda suka biyo bayansa shi ne cutar tana nan, sai dai kamanninta ya sha bamban da abin da littattafan Turai ke koyarwa. Akwai wani nau'i mai tafiyar hawainiya wanda a Turai cutar tsofaffi ce, kuma maza ta fi kamawa. A nan yankin namu kuwa an riƙa ganin sa a jikin mutanen da ba su kai shekara 50 ba, kuma a cikin waɗannan mata sun fi yawa, galibi matalauta na karkara. Fleming ya yi hasashen cewa yawan kamuwa da zazzaɓin cizon sauro da yawan ɗaukar ciki suna da hannu a ciki, ta hanyar gajiyar da garkuwar jiki.

Ku dubi amfanin wannan ga likitan da ke zaune a asibitin gari irin Wudil ko Gaya ko Sumaila. Mace 'yar shekara 35 ta zo da ƙatuwar saifa. In littafin Turai kaɗai ya karanta, sankarar jini ba za ta zo masa a rai ba, domin an gaya masa ta tsofaffin maza ce. In ya san abin da aka gano a Zariya, zai tura jininta a shafa a gilashi a duba, ya kuma yi ƙoƙarin bambance ta da kumburin saifa na zazzaɓin cizon sauro, wanda shi ma likitocin Zariya suka yi fice wajen nazarinsa. Wannan likita ba zai taɓa rubuta maƙala ya ambaci Fleming ba. Saboda haka amfanin da ya samu ba ya shiga lissafin Hirsch ko kaɗan.

Wani abin lura kuma shi ne malamin bai tsare kansa a kan sankara kaɗai ba, domin ba ita ce ta fi kashe mutane ta fuskar jini ba. Ya shiga babban aikin binciken zazzaɓin cizon sauro da Hukumar Lafiya ta Duniya ta gudanar a gundumar Garki tsakanin 1969 da 1976, lokacin tana cikin Jihar Kano, kafin a ƙirƙiro Jigawa a 1991. Rahoton da shi da abokan aikinsa suka fitar a 1979 ya nuna kusan jarirai 2 cikin 100 ana haifarsu da cikakkiyar sikila, amma da aka duba manyan yara da baligai sai aka tarar kusan babu su, wato sun mutu tun suna ƙanana. Haka nan a 1986 ya fitar da sakamakon gwaji a kan masu cikin fari a Zariya, wanda ya nuna rigakafin zazzaɓi tare da ƙarin sinadaran gina jini yana kare su daga ƙarancin jini. Magungunan da ake bayarwa sun canza tun daga lokacin, amma ƙa'idar tana nan a ɗakunan awon ciki har gobe.

Tarihin wannan fanni ya kuma koya mana cewa lamba takan makara. A 1958 wani likitan tiyata a Uganda, Denis Burkitt, ya wallafa bayani a kan wani ƙari da ke kumbura muƙamuƙin yara. Da farko ba a kula da maƙalar sosai ba. Sai a 1961 da ya yi lacca a Landan, wani masani mai suna Anthony Epstein ya saurare shi, ya roƙi a riƙa aiko masa da samfurin ƙarin. A 1964 Epstein da Yvonne Barr da Bert Achong suka gano ƙwayar bairos a ciki, wadda ita ce ta farko da aka danganta da sankara a jikin ɗan Adam. Nijeriya ma ta ba da nata kason. A Ibadan a 1963 aka raya ƙwayoyin wannan ƙari daga jikin wani yaro ɗan ƙasar nan, kuma har yau ana aiki da zuriyarsu a ɗakunan gwaji na duniya. A 1972 kuwa Farfesa Victor Ngu, ɗan Kamaru da ya yi aiki a Ibadan, ya shiga cikin waɗanda aka ba lambar yabo ta Lasker a Amurka saboda maganin wannan cuta. Da a ce kwamitin ƙarin girma ya auna Burkitt a 1960 da mudun yau, da ya sallame shi hannu rabbana.

Akwai kuma wata fuskar da ta fi ciwo, wato bincike ya yi nasara amma ya kasa isa ga mai buƙata. A 1960 aka gano tawayar ƙwayar halitta da ke haddasa wani nau'in sankarar jini, a birnin Filadelfiya. A 1973 Janet Rowley ta bayyana yadda tawayar ke faruwa, a 2001 kuma aka amince da maganin imatinib, ƙwayar da ake haɗiya kullum, wadda ta mai da cutar da ke kisa cikin 'yan shekaru ta zama wadda ake rayuwa da ita. Tun 2003 aka fara raba maganin kyauta a Nijeriya ta hannun asibitin koyarwa na Ile-Ife, a ƙarƙashin jagorancin Farfesa Muheez Durosinmi, aikin da ya ceci rayuka da yawa. Amma manomi daga ƙauyen Wudil sai an fara gane cutarsa, an tura shi Kano, an tabbatar da ita da gwaji mai tsada, kafin a zo maganar kuɗin mota zuwa inda maganin yake. Maƙalolin da aka rubuta a kan imatinib ba su ƙirguwa, amma tazarar da ke tsakaninsu da wannan manomi ba ta cikin kowace ƙidaya.

Wani zai ce, in aka bar lamba, da me za a maye gurbinta? Ai sai son zuciya ya dawo. Tambaya ce mai nauyi. Sai dai ita ma lambar an koyi yi mata algus. Akwai mujallun bogi da ke karɓar kuɗi su buga kome ba tare da tacewa ba. Akwai masu yanka bincike ɗaya gida huɗu, da masu cusa sunan juna a aikin da ba su taɓa ba, wato cuɗe ni in cuɗe ka. Ganin irin wannan ya sa wasu masana da editoci suka tsara wata sanarwa a San Faransisko a 2012, suna kira da a riƙa auna abin da aiki ya ƙunsa, a daina fakewa da sunan mujallar da ta buga shi.

Bisa ga haka, ga abin da nake gani ya dace. Na farko, kwamitocin ƙarin girma su riƙe ƙidaya a matsayin shaida ɗaya daga cikin shaidu, su kuma nemi malami ya kawo ayyukansa biyar mafi inganci, ya bayyana abin da kowanne ya canza, masana daga wata jami'a su karanta su yi hukunci. Na biyu, a ba da maki ga aikin da ba ya jawo ambato amma yake riƙe da lafiyar jama'a, kamar tsare rajistar masu sankara, da horar da masu duba jini, da rubuta jagora ga asibitocin karkara. Na uku, duk binciken da aka yi da kuɗin jama'a a jikin jama'a, a fitar da taƙaitaccen bayaninsa da Hausa, domin wanda aka ɗebi jininsa yana da haƙƙin jin abin da aka gani.

Mu ma akwai namu rabon aikin. Jami'ar kimiyya da fasaha da ke Wudil tun 2001, wadda yanzu ke ɗauke da sunan Aliko Dangote, tana yaye masu ilmin lissafi da kwamfuta da sinadarai da halittu, kuma waɗannan su ne hannuwan da rajistar cuta da ɗakin gwaji ke buƙata. Ɗalibin da ke neman batun kundin kammala karatu ya leƙa kusa da gida kafin ya kwafo na wata ƙasa. Ma'aikacin da aka damƙa wa littafin rajistar asibiti ya sani cewa layin da ya cika da kyau yau shi ne tubalin binciken gobe. Mai lafiya kuma ya ba da gudummawar jini, domin mai sankarar jini ba ya jure magani sai da ƙarin jini.

Gobe kaɗan wasunku ne za su zauna a kujerun da ake yanke wa malamai hukunci, wasu kuma a ofisoshin da ake raba kuɗin bincike. Idan aka miƙo muku takardar masani cike da lambobi, ku ƙirga su, babu laifi. Bayan kun gama, ku tambaye shi wace tambaya ta mutanenmu ya amsa, da kuma ko amsar ta kai ga masu ita.