Aure a Tsibiri: Wa Zai Shaida?

Wata al'ada ta ɓullo tsakanin 'ya'yan masu hali, ta kwasar ango da amarya zuwa Zanzibar ta ƙasar Tanzaniya, ko wasu tsibiran Tekun Indiya, domin biki a bakin ruwa.

Aure nesa da gida ba baƙon abu ba ne ga Hausawan Fegge a Anacha, ko na Inugu da Fatakwal. Amma a nan waliyyi yana zaune, a ambaci sadaki, liman ya ɗaura, a raba goro, unguwa ta shaida. Ran da rigima ta tashi, su ne masu sulhu.

Wanda ya kai aurensa inda dangi ba su da kuɗin jirgi, ya rage wa kansa masu gyara. Allah ya sa a gane.