Yaron Da Ke Zane A Bayan Aji

A ƙasar Gana aka haifi Meshack Asare a 1945. Ya koyi zane a Kumasi, ya yi shekaru yana koyarwa, sa'an nan ya duƙufa ga littattafan yara. Shi ke rubuta labarin, shi ke zana hotunan da hannunsa. A 1982 ya sami lambar Noma ta littattafan Afirka, a 2015 kuma ya zama ɗan Afirka na farko da aka ba lambar NSK Neustadt a Amurka.

Littafinsa da ya fi taɓa mu shi ne Sosu's Call na 1997. Sosu gurgu ne, a wani ƙauye na bakin teku. Ba ya zuwa makaranta, wasu ma suna ɗaukarsa alamar rashin sa'a. Ranar da ruwa ya taso zai ci ƙauyen, manya duk sun fita aiki, shi ne ya ja jiki tare da karensa har inda ganguna suke, ya kaɗa, jama'a suka sheƙo suka ceci tsofaffi da yara. UNESCO ta ba littafin lambar yabo a 1999.

To, 'yan'uwa, mu duba hotunan da muke ɗaga wa yaranmu a makarantar Lahadi. Yawancinsu daga ƙetare suke zuwa. Yusufu Bature, Maryamu Baturiya, tumakin ma ba irin namu ba. Yaro bai iya karatu ba tukuna, amma ya iya kallo, abin da ya gani kuwa ya zauna. Yaushe gurgun da aka bari a gida ran Lahadi ya taɓa ganin irinsa a littafi, yana aikin ceto?

Masu hannu ba su ƙare a cikinmu ba. Mu ne muke kashe su tun suna ƙanana. Yaro na zane a bayan aji, malami ya ƙwace takardar, ya haɗa masa da ranƙwashi, wai wasa yake. Alhali a Fitowa 31, Ubangiji da kansa ya kira Bezalel da suna, ya cika shi da gwanintar aikin hannu.

Ikkilisiyar da ta iya sayen janareta da ganguna na zamani ba za ta kasa sayen fenti da takarda ba. Muna roƙon dattawa da zumuntar mata su nemo waɗannan yara, a ba su darasin watan gobe su zana shi.